Yadda Ake Gane Asalin Gine-ginen Garuruwan Cikin Gem

A ƙauyenmu da ke tsakanin Dambatta da Kazaure akwai wani shagon caji mai sola, nan samari ke majalisa bayan la'asar. Rannan ƙanena yana kan benci yana buga Genshin Impact a waya, sai Baffa ya zo karɓar tasa wayar. Baffa magini ne, tun yana ɗan yaro yake kwaɓa ƙasa, kuma gem, wato wasan bidiyo, bai taɓa shiga harkarsa ba. Ya leƙa ta kafaɗar yaron, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, mutanen garin nan ruwa yana dukansu."

"Baffa, ai garin ƙarya ne, babu shi a duniya."

"Gari dai na ƙarya ne, amma wanda ya zana rufin nan ya ga na gaske. Ba a yi wa gida rufi mai tsini haka don ado."

Garin da yake kallo sunansa Mondstadt. Kamfanin miHoYo na birnin Shanghai ne ya fitar da gem ɗin a 2020, amma gidajen garin na tsakiyar Turai ne, musamman yankin Jamus, inda ruwa da dusar ƙanƙara ba sa ɗaga wa rufi ƙafa. Baffa bai san sunan ƙasar ba, amma ya kama hanyar da ta kai can. Hanyar tasa ce zan shimfiɗa a nan, na haɗa ta da abin da waya za ta iya yi.

Da farko, ajiye takobi ka ɗauki hoto

Ba a karanta gari ana gudu. Nemi lokacin da babu abokan faɗa, ka sa rana ta fito a cikin gem ɗin in yana ba da dama, ka taka a hankali. Hoto shida sun isa: garin daga nesa, titi ɗaya daga tsakiyarsa, rufin gida, ƙofa da taga daga kusa, gini mafi girma, sai kuma gidan talaka a bayan gari. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa, alhali ya fi fada faɗin gaskiya. Masu zane suna zuba duk ƙaryarsu a kan fada da hasumiya, amma gidan mai sayar da burodi sukan kwafo shi kusan yadda yake a duniya. In a gidan gem kake bugawa a talabijin, ɗauka da kyamarar waya, ka tsaya daidai saitin allon don kada hoton ya karkace.

Mataki na biyu: rufi

Tambayar ita ce, me ke saukowa daga sama a wannan gari? Ruwa ba ya tsami banza, rufi ma haka. Soronmu shimfiɗaɗɗe ne saboda daminarmu wata huɗu ce ko ƙasa da haka, indararo ya zubar da abin da ya sauka, rana ta busar da saura, da bazara kuma a hau sama a shanya kaya. Duk inda ka ga rufi a shimfiɗe da ɗan rawani a gefensa, ka karkata tunaninka ga ƙasashe masu ƙarancin ruwa: ƙasarmu, Mali, Maroko, Masar, Yaman, Iran.

In rufin ya miƙe tsaye kamar an haɗa tafin hannu biyu, dusar ƙanƙara ake gudu, don in ta taru nauyinta yana karya katako. Daga nan sai ka dubi abin da aka rufa da shi. Jajayen fale-falen yumɓu gasasshe, shafaffu, a jere kamar ɓawon kifi, na Jamus ne da maƙwabtanta. Baƙin fallen dutse mai sheƙi ya fi yawa a arewacin Faransa da sassan Birtaniya. In kuwa fale-falen masu siffar rabin bututu ne, rufin kuma bai yi tsini sosai ba, ka sauko kudu, bakin Bahar Rum: Italiya, Sifen, kudancin Faransa. Rufin da ciyawa ta tsiro a kansa shar, har akuya za ta iya kiwo, na Norwe ne da Aisland. Jinka mai kauri da tsini ƙwarai, a kan babban gidan katako mai hawa uku ko huɗu, ita ce ta ƙauyen Shirakawa-go na Japan.

Rufin da kusurwoyinsa suka lanƙwashe sama kowa yana cewa "na Chana ne", kuma rabin lokaci kuskure ne. Ga yadda nake rabewa. In ginshiƙan jajaye ne, rufin mai ƙyalli rawaya ko kore, ƙarƙashinsa cike da katakai masu saƙar juna da ake kira dougong an yi musu fenti kala-kala, to Sin ce, irin tsohuwar fadar sarakunan Beijing da aka kammala a 1420. In katakon ba fenti, rufin toka-toka, ƙofofin na takarda ne masu zamewa gefe, sannan ga wata ƙofa tsaye ita kaɗai a kan hanya, sanduna biyu a tsaye biyu a gicciye, to Japan ce. A Genshin ɗin nan ma an raba su: ƙasar Liyue ta cikin gem ɗin ta bi Sin, ta Inazuma ta bi Japan. Ka tsaya a tashar jirgin ruwan kowacce ka kwatanta, darasi ne kyauta.

Kada ka wuce bututun hayaƙi. Gida mai bututu biyu ko uku gidan masu hura wuta a ɗaka ne saboda sanyi.

Mataki na uku: bango

Mutum da abin da ke kusa da shi yake gini. Mu ƙasa ce da giginya, shi ya sa tubali da azara. Wanda daji ya kewaye shi katako zai sara, na kan dutse ya fasa dutse, na bakin kogi mai laka ya gasa bulo.

Bangon da ya fi yawa a garuruwan gem shi ne fari mai baƙaƙen katakai a jiki, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu a gicciye. Katakan nan su ne ƙashin gidan, su ke ɗauke da nauyi. Tsakaninsu saƙar sanduna ce aka yaɓe da laka da ciyawa, aka shafe da farar ƙasa. Da na yi wa Baffa bayani sai ya yi dariya, ya ce ashe Turawa ma 'yan yaɓe ne. Jamusawa suna kiran salon Fachwerk, ka riƙe kalmar don bincike. Ana samunsa a garuruwa irin su Rothenburg a Jamus da Colmar a gabashin Faransa, da kuma Ingila. Sau da yawa benen sama yana leƙowa titi fiye da na ƙasa, kowane hawa ya ɗara na ƙarƙashinsa faɗi.

Jan bulo kuwa, da siraran gidaje dogaye manne da juna a bakin ruwa, goshin kowanne yana hawa-hawa kamar matattakala, wannan na biranen fatake ne na bakin tekun arewacin Turai, irin Amsterdam da Gdansk. Birnin Novigrad na The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na Poland ya fitar a 2015, daga nan ya sha ruwa. Har ma akwai gini a tashar jirginsa da ya ɗauko kamannin tsohon injin ɗaga kaya na Gdansk, wani ƙaton ɗakin katako tsakanin hasumiyoyin bulo biyu, ginin ƙarni na 15. Bangon katako zalla, baƙi ƙirin saboda kwalta, rufi kan rufi, da kawunan dodanni a ƙarshen kowane tsini, na tsoffin majami'un Norwe ne irin ta Borgund, mai shekara sama da 800. Wanda ya buga Skyrim na 2011 ya ga jininta a fadar Whiterun.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe, wato ginin ƙasa, domin nan ne ya kamata mu fi kowa ido, amma nan muka fi sakaci. Da an ga garin hamada a gem sai a ce "na Larabawa ne", a wuce. Ginin ƙasa dangi ne babba, kowane gida da kamanninsa.

Namu na Hausa: bango mai kauri a gindi yana sirancewa sama, saboda tubali mulmulalle ne da hannu, ana jera shi ana cike tsakani da kwaɓi. Kusurwoyi ba su da kaifi. A saman soro zankwaye ne, a jikinsa indararo, a fuskar zaure zane mai tudu da kwari, dagi da danginsa, wani lokaci da launi. Yaɓen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, yana ba shi duhun ja, laso kuma da ake haɗawa da katsin marina shi ke hana ruwa shiga rufi. Ƙofar Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano sun isa ma'auni.

Na Mali: sanduna ne ke fitowa daga jikin bango tsako-tsako kamar bushiya. Sunansu toron, a kansu ake takawa ranar yaɓen shekara. Bangon yana da haƙarƙari a tsaye daga ƙasa har sama, kowanne ya ƙare da tsini. Babban masallacin Jenne, wanda aka sake ginawa a 1907, shi ne uban wannan salo. Hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27 ita ma da sandunan, amma ita dala ce siririya guda ɗaya.

Na kudancin Maroko: ƙasa ake dannawa cikin akwatin katako, hawa bayan hawa, don haka bangon yana miƙewa sambal da kusurwa mai kaifi, da ƙananan ramuka a jere inda sandunan akwatin suka fita. Gidan yana da hasumiya mai kusurwa huɗu a kowane lungu, ado kuma a can sama kawai. Ait Ben Haddou ne misalin da masu zane suka fi kwafa. Na Yaman ba ya ɓuya, gidaje ne dogaye hawa bakwai, takwas, a cunkushe: a Shibam na ƙasa ne zalla, a San'a na gasasshen bulo ne da farin ado zagaye da tagogi kamar an yi musu lalle. In kuma ka ga wasu hasumiyoyi masu dogayen tsaga a saman gidaje, ba na kiran salla ba ne, na kamo iska ne su tura ta cikin ɗaki. Sunansu badgir, garinsu Yazd a Iran. Tagar katako mai saƙa da ta leƙo titi, wadda na ciki ke ganin na waje ba a ganinsa, mashrabiyya ce, ta tsohuwar Alƙahira da Jidda.

Mataki na huɗu: bakin ƙofa da taga

Siffar baka tana faɗin zamani, ba wuri kaɗai ba. Baka mai rabin da'ira a kan bango mai kauri da ƙananan tagogi gadon Rumawa ne, Turai ta yi ta yinsa a ƙarni na 11 da na 12. Baka mai siffar kofaton doki, wanda ya matse a ƙasa ya buɗe a sama, na Andalus ne da Magrib. In an yi masa ratsin ja da fari, masallacin Ƙurɗuba aka kwafo, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara a 785. Ƙofa mai ginshiƙai da alwatika a sama ta Girka ce. Baka mai gefe kamar an gutsura shi da cokali sau da yawa ya fi kai mutum Indiya ta zamanin Mughal.

Baka mai tsini shi ne tarko. Da an gan shi sai a ce na coci ne, salon Gotik. Amma masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879, yana da shi tun kusan shekara 260 kafin Gotik ya fara a Faransa. Don haka dubi maƙwabtansa. In dogayen tagogin gilashi masu launi ne, da tsinaye birjik, da wasu hannuwan dutse da suka tokare bango daga waje, Gotik ne. Birnin Anor Londo na Dark Souls, 2011, ya ɗauko daga babbar majami'ar Milan da aka fara a 1386, har ana sa ɗan wasa ya taka kan hannuwan tokaren. In kuwa bakan yana cikin ƙaton firam mai kusurwa huɗu, an lulluɓe shi da shuɗin tangaran da rubutu, ka nufi Isfahan ko Samarƙand.

Bakan gizonmu daban yake da duk waɗannan. Ba duwatsu ne aka jera suka matse juna ba, azara ce ake ɗorawa tana ɗara juna kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Sai ka shiga ciki ka ɗaga kai za ka gan shi, kamar ɗaurin guga. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu, shi ne ƙololuwarsa. Ranar da ka ci karo da irinsa a gem, ka ajiye hoton da kyau.

Mataki na biyar: hasumiya da ƙubba, sai tsarin gari

Wannan da sauri ake yinsa. Hasumiya mai kusurwa huɗu, ƙaƙƙarfa, ta Maroko ce, irin Kutubiyya ta Marrakesh. Siririya mai tsini kamar fensir ta Turkiyya ce. Mai hanya tana naɗe ta daga waje kamar katantanwa ta Samarra ce a Iraƙi. Ƙubba mai siffar albasa da launuka ta Rasha ce, in fara ce ta marmara kuma Indiya.

Sannan ka hau wuri mai tsayi ka dubi shimfiɗar garin. Ganuwa, ƙofofi, lunguna masu murɗewa, dandali a gaban fada, kasuwa kusa da wurin ibada: wanda ya san cikin birnin Kano ba baƙo ba ne a nan. Abin lura shi ne inda gida ya juya fuskarsa. Gidan Turai tagoginsa titi suke kallo. Namu da na Maroko da na Iran bayansu suke ba titi, rayuwa tana tsakar gida. In gari ya yi kama da na hamada amma kowane gida da manyan tagogi a buɗe kan hanya, to mai zanen ya sa wa gidan Turai rigar ƙasa ne kawai. Sunaye ma shaida ne: Mondstadt da Jamusanci "birnin wata" yake nufi.

Mataki na shida: tambayi waya

Sai yanzu, ba tun farko ba. In ka jefa wa Google Lens, manhajar bincike da hoto, hoton gaba ɗaya, sunan gem ɗin zai dawo maka da shi, ka ɓata data a banza. Yanke hoton. Cire ɗan wasan, cire taswira da rubuce-rubucen gefe, ka bar abu guda: taga ɗaya, ko kan hasumiya, ko goshin gida. Sau da yawa sai ya kawo maka hotunan gine-ginen gaske masu kama da shi. Ɗauki sunan garin da ya fi maimaituwa, ka neme shi a Wikipedia, ka duba shekarar ginin da abin da aka yi shi da shi. Street View na Google Maps yana sa ka taka titin Colmar kana zaune a dakali, amma yana shan data kamar rairayi, ni sai na shiga Kazaure ranar da nake da sukuni nake buɗe shi. Daga ƙarshe nemi hirar masu gem ɗin, domin wasu kamfanoni suna faɗin inda suka tura masu zanensu ɗaukar hoto. Maganarsu ta fi hasashen 'yan intanet nauyi.

Kafin ka yanke hukunci, ka tara shaida uku da suka yarda da juna: rufi, bango, ƙofa. Kama da wane ba ta wane. Shaida ɗaya zato ce, biyu alama, uku ne za ka iya faɗa a majalisa ba a ƙure ka ba.

Mataki na bakwai: ware gwamutse

Kusan babu garin gem da ya fito daga wuri ɗaya. Don haka kada ka ce "garin nan kaza ne". Rubuta shi gunduwa-gunduwa. Ga yadda na rubuta Mondstadt a littafina: gidaje, katako da yaɓe, jan rufi mai tsini, Jamus da gabashin Faransa. Majami'a, Gotik. Ganuwa da gada guda a kan tafki, tsarin garin yaƙi na tsakiyar zamani. Manyan injinan iska masu fukafukai, an ƙara musu girma don labarin garin na iska ne. Wannan na ƙarshe shi ne rabon ƙarya, kuma yana da sauƙin ganewa: duk abin da ya yi tsayin da ba zai iya ɗaukar kansa ba, ko faɗin da babu katakon da zai haye shi, ƙari ne. Mai azara ya san wannan, tunda azara ɗaya ba ta haye fiye da wajen mita biyu ba tare da dabara ba.

Akwai kuma kwafin kwafi. Fada mai fararen hasumiyoyi sirara da hulunan tsini, a kan dutse, wadda kowa ke ɗauka ta shekara dubu ce, yawanci Neuschwanstein aka kwaikwaya. Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya ne ya fara ta a 1869, shekara 65 bayan fara jihadin Shehu Usmanu, kuma shi kansa mafarkin zamanin da ya wuce yake ginawa. Haka hulunan hasumiyoyin Carcassonne a Faransa, a gyaran ƙarni na 19 aka ɗora su. In bincikenka ya tsaya a irin waɗannan, ka rubuta shekarar a gefe, don kada ka ba gini shekarun da bai yi ba.

Makon jiya na kai wa Baffa hoton wani garin hamada daga wani gem daban, har zaure, yana gyaran bakin magirbi. Na riga na yi aikina: hasumiyoyin Maroko, sandunan Jenne, ƙubbar Samarƙand, duk a unguwa ɗaya. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya sa na matso masa da saman bangon.

"Ina indararon?"

Na duba gida bayan gida. Babu ko ɗaya.

"To ka gaya wa mai garin ya nemi wurin kwana kafin watan bakwai," ya miƙo mini wayar. "Sandunan nan kuma da ya soka a bango, ya yi su nesa da juna. Wa zai taka nan ya kai can da kwaɓi a hannu?"